Kamfanin da ya tsara min gidan haɗi mai sola da hit fam: abin da na yaba da abin da ya ban haushi

Bari in fara da hukuncin tunda na san ba kowa zai karanta har ƙasa ba, na ba su taurari huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na cire ba don lissafinsu bane, lissafinsu kam babu abin cewa, don yadda suka bar wasu abubuwa suna lilo tsakaninsu da masana'anta ne da kuma mutanen sashen tallansu da bakinsu ya fi aikin zaƙi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a ciki, amma irinsu suna da yawa yanzu kuma kusan tsarin aikinsu ɗaya ne, don haka wanda yake shirin neman irin wannan sabis ɗin zai iya ɗaukar abin da zai ɗauka.

Su ba magina bane, wannan a fahimta. Abin da na saya a wajensu shine tsarawa, wato su zana ginin, su yi lissafin yawan zafin da zai buƙata a shekara, su zaɓi na'urorin ɗumama gida da na wuta, su haɗa ni da masana'antar da za ta ƙera, sannan su zo su duba ranar haɗawa. Gidan haɗi kuma ga wanda bai sani ba, ɗakuna ne da ake ƙerawa a cikin masana'anta kamar manyan akwatuna, da bangonsu da tagoginsu da wayarin ɗinsu da bututun ruwa, wani lokacin har tayil ɗin banɗaki a manne, sai a ɗora a tirela a kawo, kiren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ya ɗaga ya ajiye kan fandeshon a ɗaure su da juna. Namu akwatuna huɗu ne na katako, biyu ƙasa biyu sama, kusan murabba'in mita 120, a wurin da ake sanyi na gaske har ƙanƙara tana sauka.

Abu na farko da ya burge ni shine ba su yarda an fara maganar sola ba kwata-kwata. Injiniyar da aka haɗa ni da ita tace kusan duk wanda ya shigo ofishinsu da tambaya ɗaya yake zuwa, fanel nawa zan sa batir nawa zan saya, kuma amsar ita ce ba a sani ba sai an san nawa gidan yake zubarwa, domin ɗumama gidan da yake yoyon iska kamar ɗibar ruwa ne a kwando, ƙara girman guga ba zai gyara komai ba. To daga nan aka fara da bango da rufi da taga, kuma gaskiya zaman farko ya ɗan gundure ni don ni na'urori nake son a yi hira a kai, amma da aka zo kan lambobi sai na gane inda suka dosa.

Ma'aunin da suke bi shine na Passivhaus, wanda aka fara gwadawa a Darmstadt ta Jamus a 1991, Wolfgang Feist na cikin waɗanda suka kafa shi kuma har yanzu cibiyarsu tana can. Ƙa'idar tace kada ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowane murabba'in mita a shekara, ko kuma a ranar da sanyi ya fi tsanani kada ya buƙaci fiye da wat 10 a murabba'in mita. Ka buga lissafin da kanka, gida mai 120 zai buƙaci kilowat-awa 1,800 na zafi a shekara gaba ɗaya, kuma a rana mafi sanyi wat 1,200 ya ishe shi, wanda butar lantarki ta dafa ruwa ma ta fi haka ja. Lokacin da ta rubuta min wannan a takarda sai da na sake tambaya ko akwai sifilin da ta manta. Ba su yi min alkawarin takardar shaidar Passivhaus ba fa, sun ce wannan wani kuɗi ne daban da wata ɗawainiya, sun dai ce za mu matsa kusa da ita iya gwargwado, kuma na ji daɗin da ba su sayar min da sunan da ba za su iya kawowa ba.

Yadda ake kaiwa can ba wani sihiri bane, abin tare zafi mai kauri a cikin bango da rufi da ƙasa, tagogi masu gilas uku, manyan tagogin suna kallon inda rana take bi (kudu idan kana arewacin duniya, arewa idan kana kudanci), sannan a toshe duk wata kafar iska. Wannan na ƙarshen shine inda gidan haɗi yake da fifiko kuma shine inda yake da rauni, duka biyun. Fifikon shine a masana'anta ana aiki a inuwa, ba ruwa ba iska, katako a bushe, mai manna tef yana tsaye a ƙasa yana ganin abin da yake yi, ba yana lilo a kan tsani hannunsa na rawar sanyi ba. Raunin kuma shine mahaɗa, wato inda akwati ya haɗu da akwati, domin can ba a masana'anta ake yi ba, a fili ake yi ranar da kiren yake tsaye ana biyansa kuɗin awa kowa yana sauri.

Kuma a nan aka samu matsalar da ta fi ɓata min rai. Akwai gwajin da ake yi, a sa babbar fanka a bakin ƙofa a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi ya kai faskal 50, sai a auna sau nawa iskar gidan take sauyawa a awa ɗaya, ƙa'idar Passivhaus 0.6 ce. Gwajin farko bamu ci ba, kuma da aka bi da hayaƙi sai ga shi yana bi ta mahaɗar sama da ƙasa da kuma inda bututun iska ya ratsa daga wannan akwati zuwa wancan. To waye da laifi? Kamfanin tsarawa sukace su sun zana yadda za a rufe wurin, masana'anta sukace zanen bai nuna wanda zai manna ba kuma su aikinsu ya ƙare a bakin ƙofar masana'anta, 'yan haɗawa sukace su ba a ba su tef ɗin ba ma balle. Kowa da gaskiyarsa wai. Ni kuma ina tsaye a tsakiya ana ta turo min imel ana saka ni a kwafi. Daga ƙarshe kamfanin tsarawar ne suka turo mutum aka ɓalle wani sashe na silin aka gyara ba su caje ni ba, gwaji na biyu ya yi kyau sosai, amma haba, mutanen da suka san cewa mahaɗa ce lagon irin wannan gini ai bai kamata su bar wurin babu sunan kowa a kai ba. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan kwangila ya tabbata an rubuta ɓaro-ɓaro wa zai rufe mahaɗa, kuma a yi gwajin fankar kafin a rufe bango da silin, sannan a ɗaure kason kuɗi na ƙarshe da sakamakon gwajin.

Idan ka toshe gida haka dole ka ba shi hanyar numfashi, in ba haka ba danshi da wari da iskar da mutane suka fitar za su taru har bango ya fara funfuna. Sun sa na'urar sauya iska mai ƙwato zafi, tana fitar da tsohuwar iska daga kicin da banɗaki tana shigo da sabuwa ɗakunan kwana da falo, a cikinta iskokin biyu suna wucewa kusa da juna ba tare da sun gauraya ba, sai mai fita ta bar wa mai shiga zafinta. Ƙa'idar tana neman a ƙwato aƙalla kashi 75 cikin ɗari, masu kyau suna kaiwa wajen 90. Ba ta da ƙara in dai an daidaita ta, kuma sun daidaita ɗaki-ɗaki da abin awo sun ba ni takardar, wannan na yaba. Tana da matatar iska da ake canzawa lokaci-lokaci, ba wani abu bane, amma sun ajiye ta a lungun da sai ka durƙusa.

Sai hit fam, wanda shine zuciyar ɗumamar. Aikinsa irin na firiji ne aka juya, firiji yana kwashe zafi daga ciki ya zubar a bayansa, shi kuma wannan yana kwaso zafi daga iskar waje ko daga ƙasa ya shigo da shi gida, kuma eh ko iskar da ta yi ƙasa da sifili akwai zafin da za a iya tatsa a cikinta. Ribar ita ce da kilowat-awa ɗaya na wuta kana samun uku zuwa huɗu na zafi, don haka wancan 1,800 ɗin ya koma kusan 600 na wuta a shekara. Sun zauna da ni a kan zaɓi biyu, na iska da na ƙasa. Na ƙasa sai an haƙa rijiya mai zurfi, sau da yawa mita 100 ko fiye, ko a shimfiɗa bututu a fili mai faɗi, ya fi ƙarko a tsakiyar hunturu saboda zafin ƙasa baya sauyawa sosai, amma sukace ga gidan da buƙatarsa ta yi ƙanƙanta haka kuɗin haƙar ba zai dawo ba nan kusa, kuma su da kansu suka ba ni shawarar mai arahar. Kamfanin da zai ce maka kar ka sayi mai tsada ai ya cancanci a faɗa.

Wani abin da ban taɓa ji ba sai a wajensu shine babban hit fam ba alheri bane. In ya fi ƙarfin gidan sai ya riƙa kunnawa yana kashewa, kunna kashe kunna kashe, yana cin wuta kuma kwamfiresa tana gajiya da wuri. Masu sakawa da yawa suna ƙara girma don tsoron kada kwastoma ya kira yace yana jin sanyi, su kuma waɗannan sun yi lissafin ɗaki-ɗaki suka tsaya a kan ƙaramin. Sannan ɗumamar ta ƙarƙashin daɓe ce da ruwa mai digiri 35 ko ƙasa da haka, domin duk yadda ruwan ya rage zafi haka injin yake ƙara riba, in ka tilasta masa ya kai 55 don ƙananan radiyeta, wato ƙarafan ɗumama ɗaki da ake kafawa a bango, to ribar nan ta uku zuwa huɗu za ta zube. Gas ɗin cikinsa R290 ne, wato furofen, wanda illarsa ga ɗumamar duniya kusan 3 ce a ma'auni idan a cikin sauran gas ɗin da ake sawa a irin waɗannan injina R32 yana 675, R410A kuma ya haura 2,000, sai dai yana kama wuta don haka akwai dokar nisansa da taga da ƙofa da magudana, kuma wannan ya sa aka matsar da shi daga inda na so. Ba damuwa.

Ruwan zafi na wanka kuma ashe shine babban mai ci a gida irin wannan, ya kan kai ɗumamar ko ya wuce ta in mutane suna da yawa. Lita ɗaya tana buƙatar kusan wat-awa 1.16 kafin ta ƙaru da digiri ɗaya, tanki mai lita 200 daga digiri 10 zuwa 55 ya haura kilowat-awa 10 kenan. Sun saita shi ya riƙa dafa tankin da tsakar rana lokacin da sola take bayarwa kuma iskar waje ta fi ɗumi, tankin ya zama wani ma'ajin makamashi da ya fi batir araha nesa ba kusa ba, wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. Lokaci-lokaci kuma yana hawa 60 don kashe ƙwayar lijiyonela da take son ruwa mai ɗumi-ɗumi.

To yanzu sola, inda na ce bakin 'yan talla ya fi aikin zaƙi. A takardar tallansu an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gidan zai samar da duk wutar da yake buƙata, kuma mutumin da na fara magana da shi a waya har cewa yayi zan manta da kamfanin wuta. Wannan magana gaskiya ce in ka tara shekara gaba ɗaya ka raba, amma ƙarya ce in ka duba wata-wata. Fanel na yanzu yana ba da wat 400 zuwa 450, faɗinsa kusan murabba'in mita biyu, ka cika rufi da su za ka samu wuta har ta yi yawa a lokacin zafi, amma a ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya irinsu Jamus da Ingila abin da fanel yake bayarwa a Disamba baya kai kashi ɗaya bisa huɗu na abin da yake bayarwa a Yuni, kuma Disamba da Janairu sune lokacin da hit fam yake aiki tuƙuru. Wato lokacin da ka fi buƙata shine lokacin da ta fi ƙaranci. Batir kuma yana ɗauke ka daga rana zuwa dare ne, baya ɗauke ka daga Yuli zuwa Janairu, ko ka cika ɗaki da shi. Injiniyar dai ta faɗa min wannan tun a zama na biyu ta nuna min jadawalin wata goma sha biyu da jan launi a watannin da zan sayi wuta, ban ga laifinta ba ko kaɗan, amma me yasa kamfani ɗaya zai yi magana da baki biyu? Akwai wanda zai ji maganar ɗan tallan ya yanke shawarar ba zai jawo layin wuta ba kwata-kwata sai ya tsinci kansa da janareta a tsakiyar ƙanƙara.

Batirin da suka zaɓa LFP ne, irin lithium ɗin da ya fi juriyar zafi kuma yake ɗaukar dubban caji, matsakaici ba ƙato ba, kuma a cikin gida aka sa shi domin irinsa baya son a caje shi a ƙasa da sifili. Inbata kuma sun tambaye ni tun farko ko ina so gidan ya ci gaba da aiki in an ɗauke wuta, don da yawa basu san cewa sola mai haɗe da layi tana mutuwa tare da layin ba in ba a sa mata tsarin tsayawa da ƙafarta ba, saboda kare ma'aikatan da suke gyaran waya.

Wajen zafi kuma na ɗan ga sakaci. Gidan katako bashi da nauyin da zai shanye zafi irin na bulo da kankare, in rana ta shigo ta babban gilas nan da nan ɗaki ya ɗau zafi kuma abin tare zafin nan da yake taimakonka a hunturu shi zai riƙe shi. A zanen farko akwai labulen ƙarfe na waje a tagogin yamma, da aka zo rage kuɗi suka bari aka cire shi ba tare da sun ja kunne sosai ba, ɗakin sama na yamma kuwa da yamma sai addu'a. Labulen ciki baya maganin wannan, in rana ta riga ta ratsa gilas zafin ya shigo. Yanzu ana maganar sa shi daga baya wanda ya fi tsada. Kamata yayi su ce a rage ko'ina banda nan.

Wanda kuma yake da halin sauya ra'ayi ya yi hattara, a irin wannan gini akwai ranar da ake kulle zane, daga nan ko soket kake so a matsar sai an caje ka domin injin masana'anta ya riga ya yanka. Ba kamar ginin bulo bane da za ka zo da safe kace wa magini a ƙara taga a nan. Sun gaya min wannan sau da yawa, sun ba ni zanen kwamfuta da nake zagayawa a ciki kamar wasan gem, ya taimaka wajen ganin inda gado da kabad za su zauna. Girman ɗaki ma titi ne yake yanke shi, a Turai kaya ya wuce faɗin mita 2.55 sai da izini na musamman, a Amurka ƙafa takwas da rabi, ana wuce hakan kullum amma da takarda da wani lokacin motar rakiya, kuma sai an bi hanyar an duba gada da kwana da wayoyin sama da inda kiren zai kafa ƙafa. Sun turo mutum ya bi hanyar kafin a kulle zane. Fandesho kuma da milimita ake maganarsa ba santimita ba, sun zo sun auna kafin tirela ta taso.

Akwai shawarar da suka bayar wadda ba ta cikin abin da na biya amma ina ganin ta fi wasu da na biya amfani, wato batun biyan masana'anta. A wannan harka kana biyan kaso mai yawa tun gidanka yana cikin rumfar wani, in kamfanin ya durƙushe kai da sauran masu bin bashi za ku yi layi. Kuma ba tatsuniya bace, Katerra a Amurka ta karye a 2021 duk da maƙudan kuɗin da aka zuba mata, Ilke Homes a Ingila ta rushe a 2023, a shekarar ne kuma Legal & General suka dakatar da masana'antarsu ta gidajen haɗi. Don haka suka sa aka rubuta biya mataki-mataki, da takardar da ke nuna akwatunan sun zama mallakina da zarar na biya kasonsu, da inshora a hanya. Lauya ya duba yace yayi.

Amsa saƙo kuwa sai a hankali. Kafin in sa hannu in na tura tambaya kafin in ajiye waya an amsa, bayan an kulle zane sai imel ya kwana ya wuni, kuma an sauya min mai kula da fayil a tsakiyar aiki sabon ya zo yana tambayata abubuwan da na riga na amsa. Ranar miƙa makulli ma bayanin na'urorin a gurguje aka yi, aka tula min littattafai, manhaja uku daban-daban a waya, ta hit fam da ta inbata da ta iska, babu wadda take magana da 'yar uwarta. Sai da na nemi injiniyar da kanta ta kira ni ta bidiyo ta nuna min yadda ake gyara saitin da yake bin sanyin waje, tace kar in riƙa kashe ɗumamar da dare ina kunnawa da safe, a bar shi a hankali yana tafiya shine ya fi riba. Tun daga nan abin ya zauna, gidan shiru, ko'ina ɗumi ɗaya har kusa da taga, kuma wutar da na saya a hunturu ta yi kusa sosai da abin da jan jadawalin nan ya nuna.

Har yanzu dai ina jiran zanen ƙarshe da yake nuna ainihin inda bututun ƙarƙashin daɓe da wayoyi suka bi bayan sauye-sauyen da aka yi a masana'anta, wanda yake cikin kwangila, kuma sai ya zo kafin in yarda wani ya huda ƙasa ko bango ya sa min ko da abin tare ƙofa ne. Sun ce wannan watan.